Bindigar Gonar Madam Odil

Sai da na shekara guda da ƴan watanni a Faransa kafin in sami garin da zan yi kewarsa. Sunana Lawali, mutumin Tasawa, kuma karatun ƙarfe ne ya kai ni can, wato zana sassan inji da sassaƙa su a kan na'ura. Abokin kawuna da ya yi alkawarin tarbata a Sevran, na iske ya daɗe da tashi daga gidan da ya kwatanta mini. Na tsaya a ƙofar benen da jakata, lambarsa ba ta shiga, sai na kira yayana Habu a gida ina kai masa kuka. Wata mata mai jan keken cefane ta tsaya ta saurare ni tsaf har na kashe waya, sannan ta ce da Hausa, "Ɗan nan, daga ina?"

Maman Rifkatu ke nan, mutuniyar Kafancan, Kirista, nas a wani asibiti. Ta ba ni ɗakin ɗanta da ya yi aure ya tashi. Ita ta nemo mini alƙibla a wayarta, ta kuma ce kada in ji tsoron tukunyarta, ba ta sa abin da addinina ya hana. Ni in ce firigo, ita ta ce firij, mu yi ta musu a kan wane ne ya fi ɓata Hausa tsakanin Nijar da Najeriya. Kullum da safe in bi jirgin ƙasa zuwa makaranta a matse cikin mutanen da ba sa gaisawa, da yamma in dawo in tarar da mai tambayata yadda na wuni.

A shekarar ƙarshe ba a ba ka diplom, takardar kammala karatu, sai ka yi istaj, aikin koyo na wasu watanni a wata ma'aikata, mai wurin ya sa hannu a takardar makaranta. Na sami wani mai ƙera ƙofofin ƙarfe a arewacin Paris. Ya ce in fara aiki, takarda za ta biyo baya. Wata huɗu ina yanka, ina walda, ina zana masa abin da shi kansa bai iya zanawa ba. Duk sanda na ɗauko maganar sa hannu sai ya ce mako mai zuwa. Ranar da na ajiye takardar a gabansa na ce yau ce ta ƙarshe, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce shi bai ɗauki kowa istaj ba, in kuma ina da ja in je in kai ƙara. Baƙo ko da ido makaho ne. Na cire rigar aikin na rataye masa, na fita.

In babu istaj babu diplom, in babu diplom ba za a sabunta mini takardar zama ba. Wata malamarmu ce ta ji tausayina, ta rubuta mini adireshi a bayan ambulan. Ta ce akwai wasu tsofaffin ma'aikata a Saint-Fons, kusa da Lyon, da suka kafa ƙungiyar gyara tarkacen jiragen sama na dā domin ƙananan gidajen tarihi. Ba su da abin ba ni, amma doka ta yarda su sa hannu. Maman Rifkatu ta cika mini roba da dambun nama, ta raka ni har tashar bas, ta tsaya har muka ɗaga.

A Lyon na sauka wurin Malam Isufu, Badamagare, masanin haɗa magunguna da ke aiki a ɗaya daga cikin manyan masana'antun Saint-Fons. Gidansa yana hawa na goma sha biyu a Minguettes. In ka leƙa ta tagar ɗakin girki sai ka ga bututun hayaƙi jere a bakin kogi har iyakar gani. Matarsa Hajiya Zainabu tana tuƙa tuwon semo da miyar kuka ran Lahadi, ɗalibai ƴan Nijar su cika falo, a yi ta gauraya Hausa da Faransanci har ba ka san wanda ake yi ba. Ban taɓa jin sun kira ni baƙo ba.

Wurin aikin wani tsohon gareji ne a bayan katangar wata masana'anta, yana warin mai da kofi. Shugabansu Rene, ya haura saba'in, ya yi rayuwarsa duka yana sassaƙar ƙarfe, kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar inji. Tun ranar farko na kira shi Baba Rene. Ya tambayi ma'anar, na gaya masa, ya ɗaga kafaɗa ya ce an kira shi da abin da ya fi wannan muni. Ya ja ni zuwa wani dogon tebur ya yaye tsumma.

Da farko na ɗauka bututun ruwa ne da tsatsa ta ci. Ta kusa kai tsawona, ƙasa ta toshe duk wata kafa da ke jikinta.

"Bindigar jirgin sama ce, ta Amirka, daga yaƙin duniya na biyu," in ji shi. "Garma ce ta tono ta a gonar wata tsohuwa, Madam Odil. Hukuma ta riga ta kashe ta, an toshe bakin, ba za ta sake harbi ba. Aikinka ka wanke ta, ka auna ta, ka zana ta, ka rubuta tarihinta. Mutanen ƙauyenta suna so su ajiye ta a zauren taronsu."

Ya buɗe wani gwangwani ya ɗora mini kwanson harsashi a tafin hannu, ya ɗara yatsana na tsakiya tsawo. Kafin ya yi magana na ce, "Duz-set."

Ya juyo da kunnensa mai ji. "A ina ka san ta?"

Na ce masa a wajenmu har mai sayar da shayi ya san wannan bindiga da sunan nan. Ƴan uwanta ne ake ɗaurawa a bayan motocin nan masu buɗaɗɗen baya. Na ba shi labarin Habu, wanda yake tuƙa babbar mota zuwa arewa, har ranar da aka buɗe musu wuta daga nesa, harsashi ya fasa ƙofa ya wuce da ƙashin gwiwarsa. Yanzu yana zaune a shagon kayan gyara da sanda a gefensa. Baba Rene ya karɓi kwanson ya mayar cikin gwangwani. Ya ce in ba zan iya ba akwai wata farfelar jirgi da ke jiran mai goge ta. Na ce zan iya.

Makonni na yi ina jiƙa ta, ina ƙwaƙule ƙasa da ƙaramin buroshi. Da rana tsofaffin su baje burodi da cuku a kan benci, su ware mini nawa nesa da naman alade, Baba Rene ya yi ta ba ni tarihi yana nuni da wuƙa. Ya ce a ƙarshen yaƙin farko jirage da motoci sun fara sa sulke, harsashin bindigar soja ya zama kamar jifa da tsakuwa, shi ya sa aka nemi babba. Babbar bindigar da ake harbi da ita a ƙasa tana da nauyi, wata ma rigar ruwa ake sa mata don kada ta yi zafi ta lalace. Da aka zo ɗora ta a jirgi sai aka rage mata kaya. Aka sirantar da bututun, aka sa masa riga mai huji-huji, iskar sama ta riƙa shiga tana sanyaya shi. Aka sauƙaƙa kayan cikinta don ta ƙara sauri, domin a sama abokin gaba ba ya tsayawa gabanka sai ƙiftawar ido. Ana jera su cikin fikafikan ƙananan jirage, a manya kuma a hanci, a gadon baya, a ƙarƙashin ciki, da can cikin wutsiya. Tamu ta wutsiya ce.

"Gajeru irinka suke turawa irin waɗannan ramuka," in ji shi. "Ka durƙusa awa da awanni kana kallon inda aka baro. Sanyin can sama yakan daskarar da man bindiga, sai da suka sa mata abin ɗumi na lantarki. In ka taɓa ƙarfen ba safar hannu, a nan za ka bar fatarka."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba ta da inji ba ta da batir. Turin da harbi ke yi ta baya, wanda mafarautan garinmu ke kuka da shi a kafaɗa, shi aka kama aka sa shi aiki: ya jawo kwanson da ya ƙone ya yar, ya zaro sabon harsashi daga ɗamara, ya cusa, ya rufe. Kowane harbi shi ke haifar da na bayansa. Da na gane haka sai na rasa sukuni. Wasu sassan cikin tsatsa ta cinye su, wasu hukuma ta lalata da gangan, amma daga gurbin da suka bari da tsofaffin hotuna na riƙa lissafa yadda suke, ina zana su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya sa ni. Wata uku na yi a kai, har ranar da na danna maɓalli suka motsa a allo, kowane ya faɗa gurbinsa. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a karatuna. Ran nan da Habu ya kira yana tambayar aikin da nake yi, na ce masa gyaran tsohon inji ne.

Ana haka wani mutum ya kawo ziyara daga Paris, Mushe Jilber, mai saye da sayar da kayan yaƙi na dā. Fara'a gare shi, ya kawo wa tsofaffin kwalin cakulan. Ya daɗe tsaye a bayana yana kallon allo. Da zai tafi ya saƙa mini katinsa a aljihu. Bayan kwana biyu ya kira ni. Ya ce yana da irin wannan bindiga guda nawa da ba su da kayan ciki, masu shirya fim suna nema, kuma bai taɓa ganin hannu irin nawa ba. Zai ɗauke ni aiki na dindindin da kwantiragi, wanda da shi za a juya mini takardar ɗalibi ta koma ta ma'aikaci. In zo masa da zanen kawai mu yi magana, kuma ba sai na dami tsohon da zancen ba.

Takardar zamana saura wata biyu ta ƙare. Na kwafe zanen a ɗan makullin kwamfuta, wato filashi, na ce wa Baba Rene zan je Paris ganin malamata. Ina cikin jirgin ƙasa na kira Maman Rifkatu na yi mata albishir na sami aiki.

"Madalla. Tsohon naka ya sani?"

Na ce bai sani ba tukuna.

Ina jin ƙarar asibiti a bayanta, ta ce, "Lawali, abin da ka kasa gaya masa kafin ka taho, ai ka riga ka san sunansa."

Na ce layin ba shi da kyau, na kashe.

Mun haɗu da Mushe Jilber da tsakar rana a wani gidan shan kofi kusa da tashar. Ya shimfiɗa kwantiragin a tebur, da sunana a rubuce daidai, abin da ko makaranta ba ta cika yi ba. Makullin yana cikin aljihun rigata, hannuna a kansa. Muna cikin hira ya tambaye ni ƙasarmu. Da na faɗa sai ya gyara zama, ya rage murya, ya ce ya ji a wajenmu irin wannan kaya ba ya kwantai, ko na san mutane a can? Yana dariya ya faɗa, yadda in na ɓata rai zai ce wasa ne.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ban yi wata jarumta ba. Ban zage shi ba, ban yi masa wa'azi ba. Na lalube aljihuna na ce ai na manto makullin a Lyon. Ya kalli aljihun, ya kalle ni, ya naɗe takardarsa ya ce in kira shi in na tuna inda na ajiye. Na fita na yi ta tafiya a bakin kogi ban san inda na dosa ba, har lokacin jirgin komawa ya yi.

Washegari na sami Baba Rene shi kaɗai yana wasa wani kurfin yankan ƙarfe. Na ajiye makullin a gabansa na gaya masa komai, har ƙaryar malamata. Bai ɗago ba sai da ya gama. Ya shiga ofis ya rufe ƙofa, na ji yana waya da hukuma, kuma daga ranar ba mu sake jin ɗuriyar Jilber ba. Kwana biyu bai ce mini uffan ba. A rana ta uku ya jawo kujera kusa da kwamfutata.

"Nuna mini ta tana motsi."

Na nuna masa. Ya sa na maimaita sau uku. Ya ce shekara hamsin yana aikin ƙarfe, ba ya tsammanin zai iya fitar da wannan daga tsatsa.

"Yanzu goge," in ji shi. "Ka bar jikinta na waje. Ƙauye ba su buƙatar sanin yadda take cin abinci."

Na goge da hannuna, fayil bayan fayil, yana zaune. Da na gama ya ɗauki makullin ya matse shi a bakin na'urar matse ƙarfe har ya fashe. Sannan ya jawo takardar makaranta ya sa hannu a duk inda ake sawa, ya buga hatimi. Rahoton da na kai makaranta ya fito siriri, maki ma tsaka-tsaki na samu, amma diplom ya fito.

Ran da aka kai bindigar ƙauye, ni da shi muka ɗauke ta a tsohuwar motarsa. Mun goge ta ta yi baƙi ƙirin, rigar nan mai huji-huji ta fito sarai. Aka sa ta cikin akwatin gilashi, da bayanin da na rubuta a gefe. Mutanen ba su fi cikin aji guda ba. Bayan jawabai aka kai ni gaban Madam Odil, ƴar ƙaramar tsohuwa a keken guragu, da bargo a cinya. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki.

Ta ce tana da shekara shida jirgin ya faɗo a gonarsu. Sauran mutanen cikinsa sun dira da lema, na wutsiya ne kawai bai fita ba. Mahaifinta da maƙwabta suka zaro shi suka binne kafin sojan Jamus su iso. Saurayi ne, in ji ta, ko gemu bai fara ba. Takalmansa suna da shimfiɗar fatar tunkiya a ciki, su kuma a lokacin ba su da komai. Mahaifinta ya cire su kafin a rufe shi, mahaifiyarta ta yanke fatar ta ɗinka mata ƴan takalma.

"Sanyi biyu na yi da ɗumin yaron nan a ƙafata," in ji ta. "Bayan yaƙi mutanensu suka zo suka kwashe ƙasusuwansa. Kunyar takalman ta hana babana ya nemi adireshin uwarsa. Sai da na tsufa na ji ta daɗe a duniya bayansa. Da mun rubuta mata ko layi biyu ne, da ta san an wanke masa fuska."

Ta dubi akwatin gilashin, ta dawo da ido kaina. Ta tambaye ni ko uwata tana da rai. Na ce tana nan. Yaushe rabona da ita? Na ce an kusa shekara biyu.

"Ya yi yawa," in ji ta, ta sake ni.

Na nemi aiki iya nema a sauran kwanakin da suka rage, ban samu ba. Wasu abokai sun ce in ɓuya kamar kowa, wata rana takarda za ta fito. Malam Isufu ya ce ɗakin nawa ne duk abin da na zaɓa. Na zaɓi gida. Hajiya Zainabu ta yi tuwo ran Laraba saboda ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Maman Rifkatu ta ce za ta same ni a filin jirgi a Paris, ta kuwa zo da rigar aikinta.

Baba Rene ne ya kai ni tashar jirgin ƙasa a Lyon. Duk hanya zancen cunkoson motoci yake yi. Da muka tsaya a bakin jirgi ya rasa inda zai sa hannayensa. Can ya zaro wata ƴar takarda daga aljihu, ya sa tabarau. Ashe ya je har Minguettes ya hau bene goma sha biyu wurin Malam Isufu, ya ce a rubuta masa abin da mutanenmu ke faɗa wa matafiyi. Shi da ko coci ba ya zuwa, ya karanta a hankali, da bakin nan nasu da ba ya iya furta ha:

"Ala ya kiyaye anya."

Na ce amin. Ya naɗe takardar ya mayar aljihu, ya juya ya tafi bai waiwayo ba.

Bayan shekara biyu Malam Isufu ya kira ni ya ce tsohon ya rasu, ya kuma je jana'izar a madadina. An rufe garejin, an raba kayan. Yanzu ina koyar da zanen inji a wata makarantar sana'a a Maraɗi. Duk ƙarshen shekara in ɗalibaina za su watse zuwa garuruwansu, nakan tsaya a bakin ƙofa in yi musu addu'ar hanya yadda ya karanta mini ita. Sukan yi ta dariya, suna cewa Mushe, kamar yadda suke kiran malami, ya daɗe a Faransa har Hausarsa ta karye. Ban taɓa gyara musu ba.